Gwajin Welch Ya Kamata Ya Zama Zaɓin Farko

Mai binciken da ke son sanin ko gonakin rani sun fi na damina yabanya yakan kwatanta matsakaicin buhunan da kowane rukuni ya bayar. Abin da aka saba amfani da shi shi ne gwajin t, wanda tushensa aikin William Gosset ne, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, da ya wallafa a 1908 da sunan Student. Sai dai gwajin yana da sharaɗi, wato alƙaluman rukunonin biyu su warwatsu daidai wa daida. A gona da wuya a samu haka, domin masu ban ruwa amfaninsu kan yi kusa da juna, alhali a damina wani ya cika rumbu, maƙwabcinsa ya tashi hannu Rabbana.

Illar tana bayyana ne idan rukunonin ba su kai juna yawa ba. Tsohon gwajin yana haɗa warwatsuwar biyu wuri guda, ya fifita ta babban rukuni. In ƙaramin rukuni ne ya fi warwatsuwa, sai a riƙa ganin bambanci inda babu shi, fiye da kashi 5 cikin 100 da aka amince a yi kuskure. In kuwa babban ne, bambanci na gaske kan ɓuya. A 1947 Bernard Welch, masanin ƙididdiga na Birtaniya, ya kawo gyara: a auna warwatsuwar kowane rukuni daban. Manhajar R da gwajinsa take farawa, SPSS tana nuna sakamakon biyu a jere, a Stata da SciPy kuwa sai mutum ya nema da kansa. Ashe zaɓin manhaja kaɗai na iya sauya hukunci.

Wasu kan ce a fara da gwajin Levene, in ya nuna warwatsuwar ta bambanta sannan a koma ga Welch. To amma idan samfur kaɗan ne, Levene kan kasa gano bambancin, kuma a nan ne haɗarin ya fi girma. Wasu kuma suna tsoron Welch zai rage ƙarfin gwaji idan warwatsuwar ɗaya ce. Ragin ƙanƙane ne, bai kai ɓarnar shelar sakamakon ƙarya ba. Gaskiya ne Welch ba ya maganin alƙaluman da suka karkata gefe ɗaya sosai, amma tsohon gwajin ma ba ya yi. Saboda haka ɗalibi da malaminsa su fara da Welch, su kuma rubuta a rahotonsu gwajin da suka yi, domin da irin wannan sakamako ake ba manomi shawara.