Waliyyi da ganga a sujadar Katolika: misalin Gaya

1. Gabatarwa

Garin Gaya yana bakin kogin Kwara, gada ta haɗa shi da Malanville ta Benin, Kamba ta Nijeriya kuma tana gabas da shi. Katolikan garin tsiraru ne a cikin Musulmi, da yawansu kuma asalinsu Benin ne ko Togo. Suna ƙarƙashin babban bishop na Yamai, na Malanville kuwa suna bin Kandi. Za mu duba abubuwa biyu da ke nuna yadda addinin ke neman zama ɗan gida: kalmar waliyyi da kiɗan sujada.

2. Waliyyi

Hausa ta ari wannan kalma daga Larabci, Ƙadirawa da Tijjanawa suka raine ta. A wurinsu waliyyi makusancin Allah ne mai karama, kuma jama'a ce ke shaida shi. Ikilisiya ta ɗauki kalmar, amma da sharaɗi: sai mutum ya rasu, an binciki rayuwarsa, galibi an tabbatar da al'ajibi, sa'an nan Paparoma ya bayyana shi waliyyi. Ba a bauta masa. Ana roƙonsa ya yi wa masu rai addu'a. Haka aka yi wa shahidan Uganda 22 a 1964, da Josephine Bakhita, baiwar da aka sato daga Darfur, a 2000.

3. Kiɗa

Da mishan ta kafu a Yamai a 1931, da Latin ake sujada. A ranar 4 ga Disamba 1963 babban taron Vatikan na biyu ya buɗe ƙofa ga harsunan gida, ya kuma nemi a girmama kiɗan al'ummomi. Shekara ɗaya bayan haka aka kaɗa gangunan Uganda a cocin Waliyyi Bitrus na Roma, ranar bikin shahidan nan.

A ƙasar Hausa da ta Dendi lamarin bai zo da sauƙi ba. Kiɗa sana'ar makaɗa da maroƙa ce, goge kuma na bori ne. Wanda ya shigar da ganga ɗakin ibada, dole ya bayyana wa maƙwabcinsa dalili. Ga kuma batun harshe: Faransanci na haɗa baƙi, amma Hausa da Dendi ne ake ji a kasuwa.

4. Kammalawa

A ganinmu, wannan zaɓi ba na ado ba ne. A Janairun 2015 an ƙona coci-coci a Yamai da Damagaram. A 2023 aka rufe gadar Malanville, dangi suka rabu. Jama'ar da ke waƙa da harshen baƙi kaɗai, baƙuwa za a ci gaba da kiranta. Wadda ke faɗin waliyyi da addu'a da bakin maƙwabcinta kuwa, ko sun saɓa a ma'ana, suna da inda za su fara magana.