Gashin Sankara Ba Shi Ne Ke Kashe Majinyaci Ba

Tun makon jiya wani saƙon murya yake yawo a zauren WhatsApp na danginmu. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi asibitin da yake aiki ba, amma ya kira kansa likita. Wai sikanin yana ƙona ɗan tayi, hoton ƙirji yana hana haihuwa, kuma duk wanda aka yi wa gashin sankara, a fara haƙa masa kabari. Daga ƙarshe ya karanto lambar da za a kira a sayi garin maganinsa. Da na ƙyale shi, sai na ji cewa gwaggona, wadda likita ya rubuta wa gashi bayan aikin sankarar mama, ta ce ta fasa.

Maganganunsa biyu na farko ba sa buƙatar dogon zance. Sikanin masu ciki da sauti yake aiki, babu wani haske mai lahani a cikinsa. Hoton ƙirji ɗaya kuwa bai wuce abin da jiki ke sha daga ƙasa da duwatsu da sararin sama cikin kamar kwana goma ba, kuma ba ya taɓa haihuwa.

Akwai inda mai saƙon ya gogi gaskiya, dole a faɗa. Hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, wanda Röntgen ya gano a Jamus a 1895, yana lalata ƙwayoyin jiki in ya yi yawa, kuma binciken da aka yi shekara da shekaru a kan waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki na 1945 ya nuna yana ƙara haɗarin sankara. Hoton CT na ciki ɗaya ya kai abin da jiki ke sha a kusan shekara uku. Shi ya sa ba a yin sa sai da dalili, shi ya sa kuma mai juna biyu za ta faɗa kafin a ɗauke ta hoto.

Maganar gashi ce ke cin rai. Ina zargin kalmar kanta tana da laifi, domin Bahaushe in ya ji "gashi" sai ya tuno tsire a bakin wuta. Alhali babu wuta, babu garwashi. Majinyaci zai kwanta na 'yan mintoci, injin ya auna daidai wurin ciwon, ya tashi bai ji zafin komai ba. Hasken da injin ke fitarwa yana karya ƙwayar gadon da ke cikin ƙwayoyin sankara, su kuwa ba su iya gyara kansu kamar masu lafiya ba. Don haka ake raba shi kaɗan-kaɗan, yawanci kwana biyar a mako na wasu makonni, lafiyayyen nama ya samu sararin farfaɗowa. Wanda aka yi wa irin wannan gashi daga waje ba ya ɗauko haske ya kai gida. Zai rungumi jikokinsa ba fargaba.

Gashin yana da wahala, ba a ɓoye ba: gajiya, fatar wurin ta yi duhu ko ta saɓule, in a mara ne yana iya taɓa haihuwa, kuma akwai ɗan ƙaramin haɗarin wata sankarar bayan shekaru. Amma kusan rabin masu sankara suna buƙatarsa a wani mataki na jinyarsu, kuma sankarar bakin mahaifa na cikin waɗanda yake iya warkarwa in an zo da wuri.

To me ya sa mutane suka yarda? Domin sun gani da idonsu: an kai wance gashi, ta dawo ta rasu. Ba na raina wannan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Sai dai a tambaya yaushe aka kai ta. Sau da yawa ƙullutun ya shekara ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai da ya fashe aka nufi asibiti. Ga nisa, ga tsada, ga layi, domin injinan ba su da yawa. Nijar ma sai 2021 ta buɗe cibiyar gashinta ta farko a Yamai. A irin wannan hali gashin da ake yi na rage raɗaɗi ne da tsayar da jini, ciwon ya riga ya bazu. Jinkiri ne ya yi ɓarna, aka ɗora wa injin. Mai saƙon nan kuwa jinkirin yake sayarwa, kuma duk wanda ya tura shi gaba ba tare da tambaya ba ya taya shi talla.

Na kira gwaggo daren jiya. Ta ce, "Ɗana, tsoro nake ji." Na ce, "Gwaggo, kina da gaskiyar jin tsoro, amma mu koma wurin likitanki ya gaya miki kwana nawa ne, me za ki ji, me zai faru in an bari." Ta yi shiru, sannan ta ce in zo ranar Litinin da sassafe in raka ta.