Kan Babur Na Rawa: Abin Da Za Ki Duba Kafin Ki Ba Da Kuɗin "Damfa"

Uwargida, idan kina da ɗa ko maigida mai babur a Gozaki, ko a wani gari tsakanin Kafur, Malumfashi da Funtua, wataƙila kin taɓa jin wannan magana kika bar ta ta wuce: "Yau kan mashin ɗin nan ya yi ta rawa a hannuna." Yawanci da dariya ake faɗinta, ana wanke ƙurar hanya a tsakar gida. Ba abin dariya ba ne. Rawar kan babur tana cikin abubuwan da ke kayar da mutum ba tare da ya yi karo da kowa ba, a hanyar da ya sani kamar tafin hannunsa. Kuma babur ɗin nan shi ne motar gidan: shi ke kai ki awo, shi ke kwaso masara daga gona, shi ke kai yara makaranta. A gidaje da yawa ma da kuɗin adashinki ko na awakinki aka cika aka saye shi.

Yanzu samari suna ganin bidiyo a waya, na Turawa masu tsere a daji, da wani ɗan ƙarfe a saman kan babur da ake cewa yana hana rawa. Sunansa damfa. To, kafin yaronki ya zo yana cewa "Inna, a taimaka mini da kuɗi in sa damfa," ya kamata ki san mene ne shi, da abin da yake magani, da abin da ba ya magani.

Me ke sa kan babur rawa?

An ƙera ƙafar gaba ta babur ne yadda za ta riƙa komawa tsakiya da kanta. Shi ya sa yaro mai rawar kai yake iya sakin hannu a kan kwalta babur bai kauce ba. Amma idan tayar ta daki dutse ko bakin rami ta ɗan tashi sama, sai ta sauka a karkace. Tana ƙoƙarin komawa tsakiya sai ta zarce, ta dawo ta sake zarcewa ta ɗaya gefen. Kafin ƙiftawar ido kan ya kaɗa hagu da dama sau da yawa. In an yi sa'a ya lafa da kansa. In ba a yi ba, sai ya ƙwace daga hannun mai tuƙi, har ya riƙa dukan tanki. In kin taɓa ganin yadda ƙaramar ƙafar keken tura marasa lafiya ke karkarwa idan aka tura shi da sauri a asibiti, to kusan abin ke nan.

Hanyoyinmu kuwa sun san yadda ake tayar da wannan rawa. Da damina tarakta da amalanke suna barin sawu mai zurfi a cikin laka, rana ta busar da shi ya zama kamar kunya. Da rani burji ya yi gargada, ga yashi a mashigar rafi. Sannan ga kaya. Buhun masara kilo 100 ne. Babur irin Bajaj Boxer, wanda ya cika yankinmu, nauyinsa bai fi na buhu ɗaya da 'yan kai ba. Idan aka ɗaura buhu biyu a baya da kaka, an aza masa abin da ya kusa ninka nauyinsa, duk a kan ƙafar baya. Gaba sai ya yi sakayau, taya tana shafar ƙasa ne kawai. A wannan hali ɗan tsakuwa ya isa.

Shi damfa aikinsa ɗaya ne. Mai ne a cikin ɗan bututu ko ɗan akwati, ana tilasta masa bi ta ƙaramar kafa duk lokacin da kan babur ya juya. Ke da kike tuƙa tuwo kin riga kin san sirrin: idan kika ja muciya a hankali cikin talge za ta tafi, idan kika fizge ta da ƙarfi sai talgen ya riƙe ta. Haka damfa yake barin mai tuƙi ya juya kai a hankali yadda yake so, amma ya tare fizgar da dutse ya kawo.

Iri biyu ne. Akwai mai kama da ƙaramin shokozoba, dogo, wanda ake ɗaure bakinsa ɗaya a jikin babur, ɗaya a ƙafar gaba. Akwai kuma mai kama da ɗan gwangwani da ke zama a saman wuya, irin wanda kamfanonin Scotts da GPR na Amurka suke yi. Wannan na biyun shi masu tseren hamada suka fi so. Tseren Dakar, wanda karonsa na farko ya taso daga Faris a ƙarshen 1978 ya ratsa ta Agadas da Yamai a Nijar, irin wurin da damfa ke da amfani ke nan: babur mai ƙarfi, gudu sama da kilomita 100 a awa, cikin yashi da duwatsu, wuni guda. Kamfanin Honda ma ya fara sa ƙaramin damfa a baburan tserensa na ƙasa samfurin CRF a shekarar 2008.

Kin ga ke nan ba ƙarya ba ne, abin yana aiki. Sai dai babur ɗin gidanku ba na Dakar ba ne. Na kirki daga waɗancan kamfanoni ɗaruruwan daloli ne, kuma maƙallansa an yi su ne daidai da wuyan baburan tsere, ba na Boxer ko Jincheng ba. Wanda samarinmu za su iya saye shi ne dogon nan mai araha da ake tallarsa a intanet cewa yana shiga kowane babur. A cikinsu akwai mai dama-dama, akwai kuma wanda tsakaninsa da damfara harafi biyu ne kawai.

Ga ra'ayina, kuma ba zan ɓoye miki ba: a yawancin baburan ƙauye da kansu ke rawa, ba rashin damfa ne ciwon ba. Wani abu ne ya lalace ko ya kwance. Sa damfa a kansa kamar shafa hoda ne a kan ƙurji. Rawar za ta ragu, mai babur ya saki jiki ya ƙara wuta, ɓarnar kuwa tana nan tana ci.

Gwajin da za ki iya tsayawa a yi a gabanki

Ba sai kin iya riƙe sifana ba. Ki sa a ɗora babur a kan jak ɗin tsakiya, wani ya danna baya har tayar gaba ta tashi daga ƙasa. Sai ki kama kan da hannunki ki juya shi a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya kamata ya tafi sumul. Idan kika ji ya ɗan maƙale daidai tsakiya, kamar ya faɗa wani ɗan gurbi, to boris ɗin wuya ya ci, gargada ta yi masa rami. Daga nan a kama ƙafafun gaba biyu daga ƙasa a ja gaba a tura baya. In an ji ƙwas-ƙwas, wuyan ya kwance. Na farko sai canji, na biyu wani lokaci ɗauri da giris sun isa. Kuɗin duka biyun bai kama ƙafar na damfa ba. Wannan boris ɗin shi ne wanda ake mantawa da shi shekara da shekaru, alhali duk ƙetare rafi da wanki a bakin dam suna wanke masa giris. Ƙarshen damina, kafin a fara kwasar amfani, shi ne lokacin da ya fi dacewa bakanike ya buɗe shi.

Sai taya. A mirgina ta gaba a tsaya a gabanta ana kallo: in tana lilo gefe da gefe, ko dai rim ya lanƙwashe ko wayoyin ƙafar sun saki. A shafa bayanta. Wadda ta ci gefe ɗaya ko ta yi tudu da kwari ba ta da sauran amana. Iska kuma a daina auna ta da yatsa ko da dukan sifana. Mai faci ya sa geji. Ga ƙananan babura irin namu, abin da aka saba shi ne wajen 25 a gaba, 28 a baya, a kai 32 idan da goyo, amma a bi abin da kamfani ya rubuta a littafin babur ko a jikinsa. Masu kaya suna son ɗura iska har taya ta zama kamar dutse, sai ta riƙa tsalle a kan gargada maimakon ta kama ƙasa.

A duba shokozoban gaba ko suna zubar da mai, a girgiza ƙafar baya gefe da gefe ko tana wasa. Mutane suna mamaki idan aka ce ciwon na baya ne alhali gaba ke rawa, amma haka abin yake sau da yawa.

In duk an gyara waɗannan, kaya kuma aka daina tara shi can ƙarshen kariya, aka matso da shi kusa da bayan mai tuƙi aka ɗaure tamau, yawanci magana ta ƙare a nan.

In kuwa har sai an sa

Wani yana da babban babur mai doguwar ƙafa, yana doguwar tafiya a burji, komai nasa lafiya amma yana son ƙarin kariya. To, ga abin da za ki tambaya. Tun a hannu, a ja sandar damfan a tura: ya kamata a ji riƙo iri ɗaya daga farko har ƙarshe, babu inda ta zame fayau, babu danshin mai a bakinta. Ya zama yana da ɗan maɓallin ƙarawa da ragewa, kuma in an murɗa a ji bambanci. Tsawonsa ya isa kan babur ya juya har ƙarshe ta kowane gefe. Wannan shi ne inda aka fi kuskure: idan damfan ya ƙure kafin kan ya kai iyakarsa, ranar da aka zo kauce wa saniya a lungu kai zai ƙi juyawa, ko maƙalin ya karye ya cushe.

Wajen ɗaurawa, kada a yarda wani ya huda ƙashin babur ko ya yi masa walda a wuya don ya samu wurin maƙalawa. Da maɗauri mai noti ake kama shi. Bayan an gama a juya kan hagu da dama a tabbata bai taɓa tanki ba, bai danne wayar birki, ta kuloci ko ta totur ba. A fara da mafi laushi, a gwada a fili a hankali, ba kaya ba goyo, sannan a ƙara kaɗan-kaɗan. Samari suna ɗauka tauri shi ne kyau. A'a. Damfa mai tauri yana sa babur ya riƙa tangaɗi a ƙaramin gudu, kuma a cikin taɓo ko tsakanin kunyoyi, inda ake buƙatar saurin hannu, shi zai kayar da mutum. Bayan mako guda a sake bin notocin.

Akwai kuma abin da za ki gaya wa yaronki yau da daddare, ko da damfa ko babu. Idan kai ya fara rawa, kada ya damƙe birkin gaba, kada ya ƙanƙame hannu yana kokawa da shi. Ya matse tanki da gwiwoyinsa, ya ɗan duƙa gaba don nauyi ya koma kan tayar gaba, ya sassauta hannu, ya rage wuta sannu a hankali. Ke kuma in ke ce a baya, kada ki yi yunƙurin dirowa. Ki matso jikinsa ki zauna daram. Tun kafin a tashi ki tattare hijabi da bakin zani ki danne a cinya, don sarƙa da wayoyin ƙafar baya ba sa jin "wayyo".

Hular kwano kuwa, tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa ta, ga mai tuƙi da wanda aka goya. In kuɗin da ke ƙullin zaninki na abu ɗaya ne kawai, ki ce a kai babur wurin bakanike a buɗe wuya, canjin da ya rage a sayo hula mai igiya a haɓa.