Wa ya aike ka? Matsayin masu kare haƙƙin ɗan'adam a kotunan Najeriya

Idan aka tsare matashi watanni ba a kai shi kotu ba, iyayensa kuma ba su da kuɗin ɗaukar lauya, shin wata ƙungiya za ta iya shigar da ƙara a madadinsa? Shekaru da dama amsar da kotunan Najeriya ke bayarwa ita ce: ina ruwanka?

Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai ware wa masu kare haƙƙin ɗan'adam wani matsayi na musamman ba. Suna dogara ne da 'yancin da kowa ke da shi, wato na faɗin albarkacin baki a Sashe na 39 da na kafa ƙungiya a Sashe na 40. Sashe na 46 kuwa ya ce wanda aka tauye wa haƙƙi, ko ake shirin tauye masa, shi zai je Babbar Kotu. A nan gizo ke saƙar.

A 1981 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar Sanata Abraham Adesanya kan naɗin shugaban hukumar zaɓe da Shugaba Shehu Shagari ya yi, bisa hujjar cewa abin bai taɓa haƙƙinsa kai tsaye ba. Hukuncin ya daɗe yana zama katanga.

Gani Fawehinmi ne ya fara tsaga ta. Bayan kisan ɗan jarida Dele Giwa da bam na wasiƙa a 1986, lauyan ya nemi a gurfanar da wasu manyan jami'an tsaro biyu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba shi da hurumi. A 1987 Kotun Ƙoli ta ce yana da shi.

Sai a 2009 Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya fitar da sababbin ƙa'idojin shari'ar haƙƙin ɗan'adam, waɗanda suka hana korar irin wannan ƙara don rashin hurumi, suka kuma ba 'yan gwagwarmaya da ƙungiyoyi damar tsaya wa wasu. Babban ci gaba ne, amma ƙa'idar kotu ce kawai, lafazin Sashe na 46 yana nan yadda yake.

Kariyar shi kansa mai fafutukar ma da sauran aiki. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1998 kan masu kare haƙƙi ba ta tilasta wa kowace ƙasa. Kwaddibuwa ta yi musu doka a 2014, Nijar ta bi sahu a 2022. Najeriya har yanzu ba ta yi ba.