Tulunan Bura da Makabartun Mutanen Da a Kwarin Kogin Kwara

Hausa tana da kalmomi biyu da take kiran ramin da ake sa mamaci a ciki, watau kabari da kushewa. Kabari aro ce daga Larabci, ta shigo tare da Musulunci, kuma daga tushenta ne aka sami makabarta. Kushewa kuwa ta gida ce, jam'inta kusheyi, shi ne ake ji a cikin sunan Durɓi ta Kusheyi ta ƙasar Katsina, inda aka tone tuddan da aka binne manyan mutane a shekara ta 1907, aka kuma sake tonewa a 1992. Zaman waɗannan kalmomi biyu kafaɗa da kafaɗa yana tuna wa mai nazari cewa kafin likkafani da fuskantar alƙibla su zama ruwan dare, mutanen wannan yanki suna da hanyoyinsu na sallamar matattu. Mafi shahara daga cikin wuraren da suka nuna haka a Jamhuriyar Nijar shi ne Bura.

Bura tana cikin ƙasar Tera, a jihar Tillaberi, yamma da kogin Kwara, kimanin kilomita 150 arewa maso yamma da Yamai. A shekara ta 1975 aka yi kiciɓis da wurin, ba da niyyar bincike ba, sa'ad da aka tsinci kawunan mutum-mutumi na yumɓu a bisa ƙasa. Sai a 1983 Malam Bube Gado, na Cibiyar Binciken Kimiyyar Zaman Ɗan Adam ta Jami'ar Yamai, ya jagoranci tone wani fili da ake kira Asinda-Sikka. Filin bai wuce mita 25 a tsawo da mita 20 a faɗi ba, amma aka ƙirga tuluna 630 a cikinsa, a cunkushe, kusan kowane yana gogar ɗan'uwansa.

Abin da ya fara ɗaure wa masu tonon kai shi ne yadda aka ajiye su. An kifa su ne, baki a ƙasa, gindi a sama. Waɗansu dogaye ne kamar turmi, waɗansu kuma masu tumbi kamar randa. A bisa da yawa daga cikinsu magini ya ɗora kan mutum, ko mutum sukutum, da tsagar fuska da kitso da abin wuya, har ana iya bambanta wannan fuska da waccan. Wanda ya fi kowane suna shi ne mahayin nan da dokinsa, wanda aka haɗa gutsattsarinsa bayan tonon: hannunsa cike da mundaye, dokin kuma da linzami da kayan ado. A ƙarƙashin tulunan, can cikin ƙasa, aka tarar da ƙasusuwan mutanen da aka binne, tare da kan kibau na ƙarfe da mundaye na tagulla da duwatsun wuya. Awon shekaru ya nuna cewa an yi amfani da wurin tun daga wajen ƙarni na 3 har zuwa wajen ƙarni na 13 na Miladiyya.

A nan ne kwatanci da wata ƙasa mai nisa yake da amfani, domin tukunya a makabarta ba aiki ɗaya take yi a ko'ina ba. A zamanin da aka fara kifa tuluna a Bura, ƙasar Ingila tana hannun Rumawa, waɗanda suka ci ta a shekara ta 43, suka riƙe ta har wajen 410. A ƙarni biyu na farkon mulkinsu, ƙone gawa ita ce al'adar da ta fi yawa. Akan tara itace, a ɗora mamaci da waɗansu kayansa, a cinna wuta. In ta mutu a tsince ƙasusuwan da suka rage a zuba cikin tukunya, a binne ta a bayan gari, yawanci a bakin hanya, saboda dokar Rumawa ta hana binne mutum a cikin birni. Kusa da tsohon birnin Berulamiyum, arewa da London, an tone irin waɗannan kaburbura fiye da 450 a wuri ɗaya a shekarun 1960. Daga ƙarni na 3 zuwa na 4 sai binne gawa ɗungum ya rinjayi ƙonewa a yawancin ƙasar.

To, tukunyar Ingila ma'aji ce, mamacin yana cikinta. Tulun Bura kuwa alama ce da aka tsayar a bisa mamaci, mai yiwuwa siffarsa ce aka bar wa 'yan baya. Wanda ya ga tulu ya yanke hukunci cewa mutanen Bura masu ƙone gawa ne, ya yi gaggawa, domin ƙashin da ya sha wuta ba ya ɓuya: zafin da ya haura digiri 600 yakan mai da shi fari fat, ya tsattsage, ya lanƙwashe. Duk da haka akwai inda tunanin mutanen biyu ya yi kama. A makabartar Brougham da ke arewacin Ingila, wadda aka tone a 1966 da 1967 gabanin a shimfiɗa hanyar mota a kanta, binciken tokar ya nuna an ƙone waɗansu mutane tare da dawaki. Doki dai alamar girma ne a can, kamar yadda mahayin Bura ya nuna shi ne a bakin Kwara, ɗaruruwan shekaru kafin daular Sangai ta bunƙasa.

Duk wannan ilmi bai samu daga kyan tukwanen ba. Ya samu ne daga wurin da aka tarar da kowane abu: wane tulu ne a bisa wane ƙashi, wace ƙasa ce ta rufe wace, wane gawayi ne yake kusa da wace kibiya. Gawayi da ƙashi su ake kai wa ɗakin awo, domin kowane abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon wanda rabinsa yake zagwanyewa a cikin shekara 5,730 bayan mutuwa. Abin da ya rage shi ke nuna daɗewa. Idan aka fizge tulu daga mazauninsa, aka watsar da ƙashi da gawayi, to an sami abin sayarwa, amma shekarunsa da labarin mai shi sun tafi ke nan, babu mai iya dawo da su.

Abin takaici, haka ɗin ne ya auku. A 1993 aka buɗe wani babban baje koli na kayan tarihin kwarin Kwara a birnin Faris, daga baya ya zaga waɗansu ƙasashe, mahayin Bura kuma yana cikin abubuwan da aka fi kallo. Masu tara kayan da na Turai da Amurka suka ɗora ido a kai, dillalai suka bi ƙauyuka da kuɗi, talakawan da fari ya gallaba suka ɗauki fartanya da diga. Ba a cika zargin manomi mai neman abin sawa a baki ba; laifin ya fi rataya a wuyan mai saye. Gwamnatin Nijar ta kafa dokar kare kayan gado na al'adu a 1997, Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Bura a jerin waɗanda aka yi kashedin kada a saya a shekara ta 2000, kuma a 2006 Nijar ta gabatar da wurin a jerin share fage na hukumar UNESCO. Amma kafin nan an riga an yi wa makabartu masu yawa kaca-kaca.

Darasin ya shafi ƙasar Gaya kai tsaye. Bana da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita suna inda kwarin Foga da kwarin Mauri suke gangarowa zuwa Kwara, a mahaɗar Nijar da Nijeriya da Benin, ƙasar da Kyangawa da Dandawa suka daɗe a cikinta, gishiri kuma ya jawo fatake tun da daɗewa. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa kwarin Foga a 1853 a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sai, ya kuma bayyana tuddan da masu dafa gishiri suka tara da ƙasar da suka tace, har suka gina bukkokinsu a bisa. Tudu irin wannan, da kufai, da tsohuwar kushewa, su ne littattafan da irin wannan wuri ya mallaka game da zamanin da ba a rubuta ba. Inda garma ta ci karo da bakin tulu, ko zaizayar damina ta tono tsingaro da ƙashi, abin da masana suke roƙo kaɗan ne: a bar shi yadda yake, a mai da ƙasa a rufe, a sanar da hakimi ko magajin gari, su kuma su aika wa cibiyar bincike ta Yamai.