Tafkin Bakolori: Abin Da Ake Dubawa Kafin A Sayi Kwale-kwale

Tun daga shekarar 1978, lokacin da kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kammala ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, sana'ar su da ta fito suka sake kama a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Gulbin da a da yake janyewa da rani har a tsallake shi da ƙafa, ya zama tafki mai faɗin kadada 8,000, wanda ya miƙa kilomita 19 a bayan madatsar. Saboda haka mutumin Damaga ko na wani gari a wannan yanki, in ya yi niyyar sayen kwale-kwale, wajibi ne ya san cewa jirgin gulbi daban, na tafki daban.

Abu na farko shi ne irin ruwan da za a shiga. Siririn jirgi da aka sassaƙa daga gungumen itace guda yana da sauri, kuma ya dace da gefen ruwa inda gwangwala ke taɓa ƙasa. Amma a tsakiyar tafki sai da filafili, kuma idan hadari ya taso da damina, igiyar ruwa takan cika siririn jirgi nan da nan. Wanda zai riƙa ƙetarewa yana bukatar jirgin katako mai faɗin ciki da tsawon gefe.

Na biyu shi ne itace. Masassaƙa sun fi yabon maɗaci da kawo domin sun fi jure ruwa, alhali kuwa rimi, ko da yake ba shi da nauyi ko tsada, ba ya daɗewa. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci, don haka jiragen katako suka yawaita, kuma a nan ne mai saye yakan ruɗu da sabon fenti. Ya kamata a kifa jirgin a dubi mahaɗar katakai da ƙusoshi, sa'an nan a sa shi a ruwa da kaya a ciki, a ga ko yana yoyo. Araha dai ba ta ado.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne nauyin kaya. Jirgin masunci biyu da tarunsu ba shi ne na ɗaukar fasinja da buhunan shinkafa ran kasuwa ba. Idan an gama lodi gefen jirgi bai ɗara ruwa da taƙi guda ba, to, an wuce ƙima. Jama'ar Jihar Zamfara ba su manta da abin da ya auku a Gummi cikin watan Satumba na 2024 ba, inda jirgi maƙare da manoma ya kife, aka yi hasarar rayuka masu yawa.

A ƙasashen Turai da Amurka kuwa, wani allo na roba ya yaɗu, wanda ake hura wa iska da famfo, mutum ya tsaya a kansa yana tuƙi da dogon filafili. Asalin wasan daga tsibiran Hawai ne. Tsawon allon yakan kai mita 3, kaurinsa wajen santimita 15, in an sace iskar kuma sai a naɗe shi a jaka. Masu sayensa ma faɗi da nauyin mahayi da irin ruwa suke dubawa. Sai dai abin shaƙatawa ne na mutum guda, ɗan'uwan goran da masunci ke kifa ciki a kai. Ƙugiya ko ƙayar kurungu tana iya huda shi, iska kuma takan kwashe shi zuwa tsakiyar ruwa.

Ko wane iri aka zaɓa, kuɗin jirgi bai cika ba sai an haɗa da na rigar kariya. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta wajabta sa wannan riga, ta kuma hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare. Ya rage ga sarakunan ruwa da hakimai su ga cewa an bi wannan doka a kowace mashiga, tun kafin damina ta kankama.