Magani ya ƙare, asibiti na nesa: Yadda masu hawan jini da ciwon suga ke fama a Tambuwal da Kebbe

A gidaje da dama a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato, akwai wata 'yar leda da ake adanawa a ƙarƙashin matashi ko a cikin kwalla. A cikinta za ka tarar da katin asibiti, da takardar likita wadda ta sha ninki har rubutun ya fara gogewa, da fankon kwalin magani.

Ranar da ƙwaya ta ƙarshe ta fita daga kwalin nan, mai ita yana da zaɓi uku: ya koma asibiti, ya aika yaro kemis da fankon, ko ya haƙura sai an sayar da gero.

Wannan lissafi ne da masu hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya, asma da amosanin jini ke yi duk wata. Cutukan nasu ba irin zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake shan magani kwana uku a huta. Da yawansu sai dai a ci gaba da sha har ƙarshen rayuwa.

Ganin likita na minti biyar, tafiyar yini guda

A Ingila, mai irin wannan lalura ba sai ya je gaban likita kowane wata ba. Yana iya neman a sabunta masa magani ta manhajar waya, likita ya amince, takardar ta tafi kai-tsaye ta kwamfuta zuwa kantin maganin da ya zaɓa, shi kuma ya je ya karɓa. Lokaci zuwa lokaci ne ake kiransa a sake duba shi.

A nan kuwa, takarda ce a hannun majiyyaci, kuma ƙafarsa ce ke kai ta.

Garin Tambuwal yana bakin babban titin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega, kusan kilomita 100 daga babban birnin jihar. Mutanen garuruwan da ke kan wannan titi suna da sauƙi idan aka kwatanta da na ƙauyukan da ke cikin lungu. Mutumin wani ƙauye a yankin Kuchi da ke Kebbe sai ya fara neman kabu-kabu, kuma in damina ta yi nisa wasu hanyoyin sai a hankali. Ga kuma fargabar tsaro da ta sa ba kowa ke son yin sammako ko yamma ta yi masa a hanya ba.

Akwai babban asibiti a Tambuwal, akwai a Kebbe. Amma wanda ciwonsa ya kai ga ƙwararren likitan zuciya ko na ƙoda, yawanci sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. Mai lalurar ƙwaƙwalwa kuwa akan tura shi asibitin tarayya da ke Kware, wato sai ya ratsa Sakkwato ya ƙara gaba. Wasu kuma Birnin Kebbi suke nufa.

Sai ka lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, da na ɗan rakiya, domin dattijuwa ba ta tafiya ita kaɗai, da abinci, da aikin gonar da aka bari. Ba abin mamaki ba ne kuɗin tafiyar ya zarce na maganin. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 lissafin ya ƙara nauyi.

Maganin shi ma bai tsaya ba. Yawancin magungunan da ake sha a Najeriya, ko sinadaran haɗa su, daga waje ake shigo da su, musamman Indiya da Chana, don haka faɗuwar darajar naira ta ɗaga farashinsu. A shekarar 2023 kamfanonin GSK da Sanofi suka sanar da daina gudanar da harkokinsu kai-tsaye a ƙasar, kuma masu asma sun ji a jikinsu a kan farashin Ventolin, maganin da ake shaƙa. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin janye haraji daga kayan haɗa magunguna domin a samu sauƙi, sai dai mai saye a ƙauye farashin da ɗan kemis ya faɗa masa shi ya sani.

Fankon kwali ya zama takardar likita

Abin da aka fi yi shi ne a miƙa wa ɗan kemis tsohon kwali a ce "irin wannan". Kada a yi saurin ganin laifin kowa. Ɗan kemis ɗan gari ne, yana buɗe da dare, yana ba da bashi, kuma yana yarda ya yanka maka ƙwaya goma idan kuɗinka bai kai na wata ba.

Sai dai a ƙa'ida, lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, PCN, ke bai wa ƙananan kemis bai ba su damar sayar da magungunan da sai da takardar likita ba. Kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magani ne ke da wannan hurumi, kuma irin waɗannan kantuna a manyan birane suka taru.

Haɗarin fankon kwali ya fi yadda ake zato. Maganin hawan jini na amlodipine akwai mai miligiram 5, akwai mai 10, kuma kwalayen kan yi kama. Magani guda yana zuwa da sunayen kamfanoni daban-daban, har mutum ya haɗa biyu yana sha yana zaton daban ne, alhali abu ɗaya yake ninkawa.

Wanda ya fi wannan shi ne, jiki yana sauyawa amma takardar ba ta sauyawa. Matar da aka rubuta wa lisinopril bara, bana tana iya samun juna biyu, kuma wannan magani yana cutar da ɗan tayi. Mai shan metformin yana buƙatar a riƙa duba ƙodarsa. Dattijon da ke shan glibenclamide sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa warwas idan bai ci abinci ba, shi ya sa ake son mai ciwon suga ya ga likita kafin watan azumi ya kama. Kemis ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a jikin kwali ba, balle in yaro aka aiko.

"Ai na ji sauƙi"

Wannan kalma ita ce ta fi raba mutane da maganinsu, wataƙila ma fiye da rashin kuɗi.

Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. Mutum ya sha magani wata biyu, ciwon kai ya tafi, sai ya ce ya warke. Jinin kuwa sai ya koma inda yake, yana ɓarna a ɓoye, har ranar da za a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, a fara cewa iska ce ta buge shi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kusan rabin manyan da ke da hawan jini a duniya ba su ma san suna da shi ba, kuma kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ya shawo kan nasa.

Mai farfaɗiya da ya yanke magani farat ɗaya yana iya faɗuwa fiye da da, kuma a ƙauye faɗuwa kusa da murhu ko bakin rijiya ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma masu dabarar raba ƙwaya biyu, ko sha yau a tsallake gobe don ta kai ƙarshen wata, da masu aron na maƙwabci saboda "ciwonmu ɗaya".

Masu allurar insulin nasu ya fi wuya. Ana son a ajiye wadda ba a buɗe ba a cikin firiji, a yankin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu kuma wutar lantarki ba ta da tabbas. Wanda ba shi da firiji, abin da ya fi masa shi ne ya sa kwalbar a cikin ƙaramar roba mai murfi, ya ajiye a tukunyar ƙasa da ke cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Ba ta kai firiji ba, amma ta fi taga ko aljihu nesa ba kusa ba.

An riga an gwada, kuma ya yi aiki

Abin da ke ba da takaici shi ne ba sabuwar dabara ake nema ba. Masu ɗauke da cutar HIV a Najeriya waɗanda jikinsu ya daidaita ana ba su maganin wata uku, wasu har shida, a karɓa ɗaya, kyauta. Maganin tarin fuka na wata shida shi ma kyauta ne. Afirka ta Kudu tun 2014 take da tsarin da ake ɗaure wa masu doguwar jinya maganinsu a aika wurin karɓa mafi kusa da su. A nan gida ma an gwada kula da hawan jini a ƙananan asibitocin matakin farko a jihohin Kano da Ogun, inda jami'an lafiya na al'umma ke auna jini su ba da magani bisa tsari guda mai sauƙi.

Idan har za a iya bai wa mai HIV maganin wata uku, ban ga dalilin da zai sa dattijuwar da jininta ya daidaita ta riƙa hawa babur duk wata don ƙwaya 30 ba.

Ta fuskar kuɗi, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, da burin kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti guda da ke cin moriyarsa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora a kan kowa. A Sakkwato, hukumar SOCHEMA ce ke kula da tsarin taimakekeniyar lafiya. Yana da kyau mai doguwar jinya ya je asibitin mazaɓarsa ya tambaya ko ana rajista, da kuma ko maganinsa na cikin waɗanda tsarin ya ɗauka.

Kafin a kai can, akwai abin da iyali za su iya yi. Kada a jira kwali ya zama fanko. Idan saura na mako guda, a fara shiri. Ɗa ko jika mai babbar waya ya ɗauki hoton takardar likita da kwalin, yadda sunan maganin da ƙarfinsa za su fito sarai. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma idan akwai wurin kankarewa a jikin kwalin, a kankare a tura lambar don a tabbatar ba jabu ba ne.

Ranar komawa asibiti a tafi da duk abin da ake sha, har da na gargajiya da na ciwon jiki irin diclofenac, domin shi ma yana iya ɗaga jini ya taɓa ƙoda. Sannan a buɗe baki a gaya wa likita nisan garin da aka fito da abin da mota ke ci, a tambaye shi ko zai iya rubuta na wata biyu ko uku, a riƙa auna jinin a asibitin da ke kusa da gida kafin ranar dawowa.